Kwaɗon Surukarsa Ya Yi Ƙaho

Wani ne a ƙungiyarmu ta masu kiwon kwaɗi, nan Duluth. Kada ku tambaye ni sunansa. Surukarsa ma da ta ba shi 'ya ba ta taɓa kiran sunan nan ba, balle ni. "Wannan" take ce masa. "Kai Wannan, je ka kwashe ƙanƙarar bakin ƙofa." "Marcy, faɗa wa Wannan ya rage ƙarar talabijin." Shi kuma yana amsawa, har da murmushi.

Lyle, daina dariya, ko farawa ban yi ba. Kuma kai ma kana ciki.

Shi da matarsa Marcy a ɗakin ƙasa na gidan surukar suke zaune, ita tana sama. Ku sababbin shiga ba ku san surukar tasa, Misis Halvorsen, ba. Ita ta kafa ƙungiyar nan tun muna taruwa a garejinta. 'Yar gajeriya ce, amma in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi kana firamare. Shi kuwa bawan Allah zuciyarsa fes, hannun ne dai babu sa'a. Ta taɓa bar masa furannin falonta ta yi tafiya. Ya yi ta ba su ruwa safe da yamma har suka yi fumfuna. Na roba ne.

To, tana da kwaɗo mai ƙaho, Arvid. Sunan mijinta marigayi ta sa masa, wai zamansu ɗaya, hararsu ɗaya, kuma dukansu ba sa motsi sai sun ga abinci. Kun dai san irinsu. Curi guda, rabi baki rabi ciki, da 'yan ƙahoni biyu a saman ido. Aikinsa a duniya ya binne kansa a ƙasa ya yi shiru. Mu kuma mu ƙona wutar lantarki muna ɗumama masa ƙasar, muna fesa mata ruwa, baƙo ya zo mu ja shi gaban akwatin gilashi mu ce, "Ga shi can, yana ciki." Baƙo ya duba ya duba, ya ce, "Kai, ya yi kyau," don kunya. Matata ta ce duk faɗin Minnesota mu kaɗai ne manoman da ba su taɓa girbi ba.

Da sanyi ya kama, Misis Halvorsen ta haɗa kaya za ta Arizona gudun sanyi kamar sauran tsofaffinmu. Arvid ba ya jure doguwar tafiya a mota. Da ma ni take bar wa shi, to a shekarar an yi min aiki a gwiwa. Marcy kuwa tun tana yarinya ta tsani kwaɗi, ko ɗakin da suke ba ta shiga. Saura wa?

"Kai Wannan, zo nan."

"Na'am, Mama."

"Ban haife ka ba."

"Na'am, Misis Halvorsen."

Ta sa ya sauko da akwatin ɗakin wanki, don can ya fi ɗumi. Arvid na zaune a tsakiya, kore shar da ɗigo-ɗigo, yana hararsa.

Ta ce, "Buɗe kunnenka. Ka fesa ruwa da safe, kaɗan. Ka jefa masa gyare. Ga robar gyaren nan, ka riƙa yanka musu dankali, shi ne abincinsu shi ne ruwansu. In Arvid ya shige ƙasa, ka ƙyale shi. Ba a tono. Ba a taɓawa. Me na ce?"

"Ba a tono, ba a taɓawa."

"Ni da dawowa sai ƙanƙara ta narke. In na tarar ya rame, ko da tabo a jikinsa, balle a ce ya mutu, ka tattara komatsanka ka bar min gida. Marcy in ta ga dama ta bi ka."

Marcy daga matakala ta ce, "Haba Mama!"

"Ai na ce in kin ga dama."

Ta ja mota ta tafi. Gogan naku ya tsaya gaban akwati. Ba shi da inda za shi, aikinsa na shagon fenti ba zai kama masa ko ɗaki ɗaya ba, kuma Marcy yana sonta kamar ransa. Ya ce wa kansa, wannan karon dai ba za a ce na yi sakaci ba.

Sai ya zauna ya yi lissafi irin nasa. Gyaren nan ai wajen Arvid za su ƙare. To me ya sa za a ciyar da su a can, sannan a kawo su nan? Ya juye su cikin akwatin. Ya hau kicin ya zaɓo dankalin da ya fi kowane girma, don kada a ce ya yi rowa. Bai yanka ba. Ya buɗe murfi ya sake shi, tim, a gefen Arvid. Arvid ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya juya baya, ya lallaɓa ƙarƙashin kututturen da ke can ƙurya, ya nutse. Gogan bai gani ba, ya tafi ɗauko buhun ƙasa, wai ya ga ta akwatin ta yi kaɗan. Ya zazzaga, ya baje, ya shafe komai sumul. Ya wanke hannu ya manta.

Ku riƙe dankalin nan a ranku. Mu a lokacin ba wanda ya ba mu labarinsa, wannan ina so a rubuta.

Kwanaki suka wuce babu Arvid babu alamarsa. Bawan Allah ya daina cin abinci. Yana ta fesa ruwa kamar mai kashe gobara, har ƙasa ta kwanta. Ran nan da safe sai ga wani baya ya ɓullo a tsakiyar akwati, zagayayye, ruwan ƙasa, da 'yan tabo-tabo. Ya ruga ya kira ni.

"Wendell, don Allah ka zo. Ya fito, amma ba kalarsa ba ce. Na shiga uku."

Ni kuwa kun sani, a ƙungiyar nan in ana gardamar wane iri ne, ko namiji ne ko mace, ni ake nema. Mutane daga wasu jihohi suke turo min hoto. Na ɗauki sandata da gilashin ƙara girma, na biya na ɗauki Lyle da 'yar ƙungiyarmu Bernice. Muka sauka ɗakin wanki, manya uku da furfura, muka durƙusa gaban akwati tsakanin kwandon safa da injin wanki.

Gogan ya ce, "Da kore ne. Na rantse kore ne. Me na yi masa?"

Na haska tocila. Na duba ta dama, na duba ta hagu. Na yi gyaran murya.

"Kwantar da hankalinka. Hutun sanyi ya shiga. In suka shiga, busasshiyar fata ce ke rufe su, sai ka ga sun koma kamar... kamar..."

Bernice ta ce, "Kamar dankali."

Na ce, "Yawwa, kamar dankali."

Duk muka gyaɗa kai. Allah na gani, da bakinmu muka faɗa, muka wuce.

Gogan ya ce, "To yana numfashi?"

Muka yi tsit muna kallo. Can Bernice ta dafe ƙirji. "Ga shi nan! Ya ɗaga!"

"Ina?"

"Ya sauke kuma. Ai sai mai ido."

Lyle ya ce shi ma ya gani. Ni kuwa ina zan yarda a ce Lyle ya ga abin da ban gani ba? Na ce ni tun ɗazu nake gani, ban dai so na yi magana ba ne.

Na tambayi gogan, "Yana ci?"

"Ci? Duk gyaren da na zuba da yamma, kafin gari ya waye babu ko ƙafa ɗaya."

Na ce, "To me kake nema kuma? Gawa tana cin gyare?"

Ya ja dogon numfashi, har idonsa ya kawo ruwa. Nan Lyle ya zaro ɗan burushin fenti daga aljihu, wai bari ya share ƙasar gefe kaɗan mu ga ido. Kai, da kun ga yadda muka yi masa ca! "Ba a tono!" "Ba a taɓawa!" Bernice har ta buge masa hannu. Lyle ya mai da burushinsa yana ba da haƙuri kamar wanda aka kama da hannu a jakar wani. Ka tuna, Lyle? Kai kaɗai ka kusa fitar da mu kunya, muka taru muka hana ka.

Da a nan na tsaya da an rabu lafiya. Amma ilimi in ya yi wa mutum yawa ba ya barinsa ya yi shiru. Na sake kara gilashina.

"Tsaya. Tun da aka bar maka shi, ya taɓa kuka?"

"Ko tari bai yi ba."

"Dubi faɗin bayan nan, Bernice. Namiji ne zai yi wannan faɗi?"

Bernice ta ce, "Ina! Ko kusa."

Na miƙe da ƙyar, na kaɗe gwiwa. "Abokina, surukarka ta yi shekaru tana zaune cikin duhu. Arvid mace ce."

Ya buɗe baki. "Mace?"

"Mace sak. In ba mace ba ce, ka canja min suna."

Daga ranar bawan Allah ya samu abokiyar hira. Ya sa mata Arvida. Kullum da safe zai sauko da kofinsa na kofi, ya kifa bokiti ya zauna, ya yi ta ba ta labarin duniya. Mai shagonsu ya yi masa kaza, surukarsa ta taɓa ce masa kaza a gaban baƙi. Ya ce min, "Wendell, duk gidan nan ita kaɗai ce ba ta katse ni." Hidima kuwa ba a magana. Ya sayo fitila ya haske mata baya. Yana fesa mata ruwa har sai ruwan ya taru a gefenta. Yana barbaɗa mata garin bitamin kamar mai sa gishiri a miya. Ya kama tana da hantsaki ya yi ta kaɗa mata a inda yake zaton hanci ne, har hannunsa ya gaji ya saki tanar a ciki, washegari babu ita. Ya kunna mata rediyo don kada kaɗaici ya dame ta. Marcy ta fara tambayarsa ko da wata yake waya a ɗakin wanki.

Sai kuma ya ga bai kamata ya ɓoye wa mai kwaɗo wannan babban labari ba. Ina zaune ya kira ta, ya buɗe muryar wayar.

"Misis Halvorsen, ina yini? Ya zafin Arizona?"

"Me ka kashe?"

"Ba abin da ya mutu. Albishir zan yi miki."

"Ina ji."

"Arvid mace ce."

Muna jin ƙarar fanka daga can.

"Arvid," in ji ta. "Arvid ɗin da ke hana ni barci da kuka duk lokacin ruwa?"

"To, ƙila a da ne. Yanzu dai mace ce."

"Wane mai ƙaton kan ne ya faɗa maka?"

"Wendell. Ga shi ma yana jin ki."

"Madalla. Wendell, kana ji na?"

Abin da ta faɗa min daga nan ba ya cikin labarin nan. Ta dai rufe da cewa, "Kai kuma Wannan, maganata tana nan. Ko tabo ɗaya."

Ana nan, ana nan, ran nan ina karin kumallo sai ga wayarsa.

"Wendell, wani abu ya fito mata a baya. Guda biyu. Farare, bakinsu shuɗi-shuɗi. Ƙari ne? Ka faɗa min gaskiya, in fara neman kwalin haɗa kayana."

Na bar ƙwai a faranti na tafi. Na durƙusa, na haska. Abubuwa biyu ne tsaye cirko-cirko, masu tsini, gwanin kyau. Na ce a raina, yau abin nema ya samu.

"Ka san me kake kallo?"

"Ajalina."

"Ƙahoni ne! Wane irin kwaɗo aka ba ka?"

"Mai ƙaho."

"To me kake so ya fitar, fiffike? Amma saurara. Irin da kowa ke da shi, ƙahonsa ɗan mitsitsi ne. Wannan dogon ƙaho sai 'yan can cikin dajin Kudancin Amurka, waɗanda mu nan sai dai a hoto. Da ma sai sun manyanta yake fitowa sosai. Matar nan tana da zinariya a gida ba ta sani ba. Kai ne ka iya kiwo har asalin ya bayyana."

Ya zauna a kan bokitinsa. Sannan a hankali ya ce, "Wendell, kana ganin in ta ga ƙahonin nan za ta kira sunana?"

Wallahi ya ba ni tausayi. Na dafa shi na ce, "Har da na babanka."

Ƙahoni kuwa ba su yi mana rowa ba. Suka yi tsawon ɗan yatsa. Na uku ya fito. Na ce alamar shekaru ce. Na huɗu ya fito ta gefe. Bernice ta ce ta taɓa karantawa a wani wuri. Da kan na farkon ya buɗe ya yi wani abu kore-kore mai kama da ganye, Lyle ya fara sosa ƙeya, ya ce, "Anya kuwa, Wendell?" Na ce, "Lyle, ka taɓa zuwa dajin? To ɓad-da-kama ce. Tsuntsu in ya hango daga sama sai ya ɗauka shuka ce." Lyle ya ce lallai dabarar ta yi, don shi ma ya ɗauka.

Gogan kuma don murna ya ɗauki hoton ƙahonin ya tura Arizona. Ba ta amsa ba. Ya ce min, "Ka gani? Daɗi ya hana ta magana." Ashe mota take lodawa.

Muka sa ranar Asabar ƙungiya gaba ɗaya ta zo ta gani da idonta. Motoci suka cika layin. Aka kawo kofi da donat, aka jera a kan injin wanki. Mutane suka yi layi tun daga matakala, ana shiga bibbiyu, ana magana ƙasa-ƙasa kamar a asibiti. Wani ya tuƙo mota tun daga Fargo cikin ƙanƙara. Wata ta roƙi a sa ta a layin masu jiran 'ya'ya in an samu miji. Gogan ya sa taye. Ni ina tsaye gefen akwati da sandata, ina nuna ƙaho ɗaya bayan ɗaya ina bayani. Ban taɓa jin daɗin bakina kamar ranar ba.

Ina tsakiyar bayanin ƙaho na uku sai na ji ɗakin ya yi tsit. Layi ya dare biyu. Misis Halvorsen ce ke saukowa, da hular rana a kanta da takalmin ƙanƙara a ƙafa, makullin mota na hannunta. Marcy na biye da ita, ta tsaya a matakala ta rufe ido da tafin hannu.

Gogan ya gyara taye. "Sannu da zuwa, Misis Halvorsen. Ya hanya? Ga ta nan. Ban tona ba, ban taɓa ba."

Ba ta ko kalle shi ba. Ta tsaya gaban akwati. Ta duba ta saman tabarau. Ta duba ta cikin tabarau. Ta cire tabarau ɗin ta duba. Sannan ta miƙa wa Bernice makulli, ta fara naɗe hannun riga.

Mu duka, baki ɗaya, kamar 'yan makaranta: "Ba a tono!"

"Ni na kafa dokar," in ji ta.

Ta zura hannu ta cafki ƙahonin nan gaba ɗaya. Gogan ya yi ƙara, "A hankali, za ki ji mata ciwo!" Ta fizgo.

Jama'a, dankali. Dankali da saiwarsa, ya ɗan yamutse, ƙasa na zuba. A jikin saiwar ga 'yan ƙanana nan suna reto, kamar ƙwan tsuntsu, sun fi biyar.

Ba wanda ya yi tari. Mutumin Fargo ya ajiye donat ɗinsa. Bernice ta zura wa silin ido. Lyle, kai kuma ka shige bayan tukunyar ruwan zafi, kada ka musa. Misis Halvorsen ta ɗaga dankalin sama ta juya shi kowa ya gani, ta tsayar da idonta a kaina.

"Wendell. Wane iri ka ce?"

Ni kuwa mutum ba ya barin gaskiyarsa don an taru. Na nuna 'yan ƙananan da sanda na ce, "Iri dai a bar shi. Amma ai na faɗa muku mace ce."

Wani ya shaƙe da kofi aka fita da shi.

Gogan bai yi dariya ba. Ya dubi ramin da dankali ya bari, ya dubi surukarsa.

"To... to ina Arvid?"

"Ni za ka tambaya? Wa na bar wa?"

"Na ɗauka... wata nawa ina..." Ya juya wajen matakala. "Marcy, kwalayen suna bayan gareji."

Marcy ta fashe da kuka. Gaskiya ni ma na fara laluben ƙofa da ido, don in kwaɗon nan ya mutu, da ni da shi za a haɗa.

Misis Halvorsen ta ce, "Gyaren da kake zubawa na ƙarewa?"

"Kullum. Har da tana."

"To dankali ne ke ci?"

Ta sake zura hannu, can ƙurya, inda ba wanda ya taɓa haskawa. Ta ɗaga kututture. Ta share ƙasa da yatsa biyu. Sai ga ido biyu suna hararmu. Ta tallabo shi da hannu biyu, don ɗaya ba zai ɗauka ba. Arvid ne, kore shar, ya yi ƙiba har wuya ya ɓace, ko ƙwarzane babu. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya kumbura maƙogwaro, ya saki wani kuka kamar tsohuwar ƙofa. Kukan namiji, in kuna son sani. Ban ce komai ba, tunda ba a kansa na yi magana ba.

Ta juya shi, ta duba ciki, ta duba ƙafafu. Ta mai da shi ta rufe. Sannan ta dubi fitilar, ta dubi rediyon, ta dubi garin bitamin da ya yi tsibi a tsakiyar akwati, ta dubi tabkin da feshi ya tara.

"Duk wannan wa ka yi wa?"

Ya nuna dankali.

"Shi kuma Arvid me ka yi masa?"

"Ba komai. Ban ma san yana wurin ba."

"Shi ya cece shi. Da shi ka yi wa rabin hidimar nan, da tuni mun haɗa shi da mai sunansa." Ta sauke hannun riga. "Bai taɓa ƙiba haka ba. Na ce in ya rame ka tafi. Bai rame ba. Ka zauna."

Marcy ta ruga ta rungume mijinta, karo na farko da ta taka ɗakin wankin nan tun farkon sanyi. Jama'a suka tafa. Bernice ta share ido. Matata da aka ba ta labari ta ce to madalla, ƙungiya ta yi girbinta na farko.

Misis Halvorsen ta ɗauki dankalin daga kan injin wanki ta miƙa wa 'yarta.

"Ungo. Tun a hanya, a Nebraska, rabona da abinci. Ki karye ƙahonin, ki fere, ki sa a tukunya. Har 'ya'yan."

Kafin Marcy ta miƙa hannu gogan ya yi tsalle ya warce, ya rungume a kan tayensa, ƙasa na bin rigarsa.

"Haba Mama, ki ji tsoron Allah! Mai jego ce fa!"